Cinikin takalma, ingarmu da ƙwadago a ƙasar Kano lokacin yaƙi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ana yawan ba mu labarin yaƙe-yaƙen ƙasar Kano na ƙarni na 19, wane ya ci wane, wane gari aka ƙone. Amma yaya kasuwa take a lokacin? Ina nufin masu takalma, da masu ajiye ingarma don baye, da masu ƙananan sana'o'in da ake biya ladan aikinsu. Yaƙi kashe musu ciniki yake yi, ko raya shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yaƙi bai yi wa waɗannan sana'o'i uku abu iri ɗaya ba, dalili kuwa shi ne tsawon lokacin da kowace take ɗauka kafin ta fitar da abin sayarwa. Baduku in da fata a hannunsa, yini ɗaya ya ishe shi ya gama takalmi. Mai yankan ciyawa da sassafe zai yanko, kafin azahar kuɗinsa na aljihu. Shi kuwa mai goɗiya, daga ranar da ingarma ya baye ta zuwa ranar da za a ɗaura wa ɗanta sirdin yaƙi, shekara biyar ce ko kusa da haka, alhali rani ɗaya ya ishi yaƙi ya cinye dawakin barga guda. Sai kuma abin da ya fi raba mai riba da mai asara: wa zai biya, kuma yaushe.

Ka fara riƙe girman abin. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman. Ya ƙiyasta cewa sarkin na iya tara mahaya 7,000 da dakaru fiye da 20,000. Ya ce bayan tufafi, takalma ne abin da Kano ta fi fitarwa cikin aikin hannunta, ya sa musu kimanin wuri miliyan 10 a shekara, tufafi kuma miliyan 300. Mafi kyawun takalmi, wanda ya ji ana kira taka-saraki, wuri 200 ne, a lokacin da riyal ɗaya na azurfa ke kan wuri 2,500. In ka raba miliyan 10 da 200 za ka sami 50,000, kuma tunda yawancin takalman ba su kai wannan kuɗi ba, adadin da ke fita ya haura haka nesa. Ya kuma ga Larabawa mazauna birni suna ɗinka balga da fatar ƙasar nan ana kai ta arewacin Afirka.

Takalmin da talaka ke yin tafiya da shi abu uku ne a haɗe. Akwai ƙasan, wanda ake yankowa daga ƙirgin sa, ninki biyu ko uku. Akwai shimfiɗar sama ta fatar akuya, galibi ja. Sai hanci da maɗauri. Ana hudawa da basilla a ɗinke da siririn zaren fata. Wannan aikin ba ya jan lokaci. Inda lokaci yake tafiya shi ne wajen majema, irin waɗanda har yau suke aiki a Ƙofar Wambai. Majemi zai jiƙa fata ta yi laushi, ya tsoma ta a ruwan toka da kanwa ko katsi har gashi ya saki, ya kankare, ya wanke, ya sa ta cikin abin da zai kashe kaifin tokar, wasu ganyen fataka, wasu kashin tsuntsaye, sannan ta shiga ruwan dakakkiyar bagaruwa. Fatar akuya kwana biyu zuwa uku ta sha, ƙirgi kuwa sai ya yi mako ko fiye ana sauya masa ruwa. Bayan nan a shafa mai, a murza, a rina: ja da karan dafi, baƙi da kuloko, rawaya da gangamau.

To, nan ne gaggawar yaƙi ke ɓata kaya. In aka buga tambari aka ce nan da kwana goma za a fita, kowa zai ruga wajen majemi a lokaci ɗaya, shi kuma sai ya tsamo ƙirgi tun bagaruwa ba ta ratsa shi ba. Waje ya yi kyau, ciki ɗanye. Gane shi ba wuya: ka yanki gefen da wuƙa, in ka ga farin layi a tsakiyar kaurin, jimar ba ta kai ba. Irin wannan in ya sha ruwa sai ya kumbura ya yi wari, in ya bushe ya ƙandare ya tsage. A takalmi, hanci ne ke fara ficewa, mutum ya koma taka ƙaya da tsidau da rairayin bazara da tafin ƙafarsa. A takalmi ke nan, inda asarar ba ta wuce wuri 100 ko 200 ba. In majayi ne ko igiyar likkafa ta tsinke ana tsakiyar sukuwa, rai ake magana. Shi ya sa barden da ya san abin da yake yi ba ya sayen sabon majayi ana gobe tafiya, tsohon da ya gwada yake shafa wa mai.

Kada kuma ka ɗauka yaƙi yana sa a sayi takalma da yawa. Dakaru da yawa ba su da shi, wasu kuma su yanki ƙilago ɗanye su huda su ɗaure a ƙafa, ba su biya kowa ba. Kasuwar takalmin Kano ta fatake ce da matafiya da garuruwan nesa, ita kuwa da zarar hanya ta rufe ta tsaya. Abin da yaƙi ke kawo wa baduku aiki ne na daban: kurufa, wato dogon takalmin hawa mai kare ƙwauri daga ƙaya da gugar igiyar likkafa, da sufadun da ake sawa, da ragama, da kan linzami, da rufin sirdi, da kwari, da garkuwa, da salka, da ɗinkin layu. Sai kube. Barth ya ƙiyasta ruwan takobi 50,000 ke shigowa Kano a shekara, kusan duka daga garin Solingen na Jamus, kowane a kan wuri 1,000, kuma a Kano ake sa musu ƙota da kube. Saboda haka badukun da ya iya aiki iri-iri yakan sauya hannu ya ci gaba da ci. Wanda bai iya komai ba sai yanka takalmin fatauci, shi ne ke zama da kaya jibge a rumfa.

Yanzu doki, inda maganar ta fi nauyi. Tun da daɗewa Kano ta san doki a matsayin makami da kuma haja. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wajen ƙarshen ƙarni na 14 zuwa farkon na 15, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, kuma yana aika wa Kwararrafa dawaki suna aiko masa da bayi. Lifidi da sulke su suka sa girman doki ya zama abin kuɗi, domin kuru ba zai ɗauki mutum da sulkensa da bargon da aka cusa wa auduga ko rimi ya yi gudu ba. Manyan dawaki daga Barno da Azbin ake kawo su, ana kuma kiwon na gida a ƙauyukan ƙasar Kano da Katsina da Zamfara da Gobir. Daga Kano wasu su wuce kudu, Zazzau da Nufe da Ilori, inda ƙudan tsando ke sa musu sammore. Can ba a iya kiwo sosai, kullum saye ake, don haka mai sayen doki a Kano yana takara da mutanen kudu ko da nan gida lafiya ake.

Al'adar hawa ita ma ta shiga lissafin. Mai sarauta da barde ingarma suke hawa, ba a dandaƙe shi, ba sa hawan goɗiya. Goɗiyoyi suna ƙauye hannun manoma da makiyaya. Ka ga ke nan ingarmun da suka fi dacewa da baye su ne dai waɗanda ake fita da su yaƙi, su ne kuma ke mutuwa. Duk ranin da aka yi asarar manyan dawaki, ba hawan bana kaɗai aka rasa ba, har da iyayen dukusan baɗi. Mai goɗiya sai ya koma ga duk dokin da ya samu a kusa, iri ya ƙanƙance.

Ga yadda aikin bayen yake. Goɗiya takan nemi namiji kusan kowane kwana 21, ta yi kwana biyar zuwa bakwai tana karɓa. Alamarta ita ce ta tsaya wa ingarma, ta ɗaga wutsiya, tana fitsari kaɗan-kaɗan. Wadda ba ta shirya ba kunne za ta kwantar ta yi harbi, kuma harbi ɗaya a gaban ingarma ko a gwiwarsa ya isa ya kashe dukiya, shi ya sa ake sa mata dabaibayi a riƙe ta da ragama. Ƙwan goɗiya yana sauka ne kwana ɗaya ko biyu kafin ta daina karɓa, don haka baye ɗaya a ranar farko sau da yawa banza ne. Abin da ya fi shi ne a fara daga rana ta biyu ko ta uku, ana tsallake kwana ɗaya, har ta ƙi. In mako uku ya zagayo ba ta sake nema ba, ana sa ran ta ɗauka. Ciki wata 11 ne. Dukushi ya sha nono wajen wata shida, a fara sa masa linzami da sirdi yana shekara biyu zuwa uku, amma ƙashinsa ba ya ƙwari ya ɗauki mai sulke yini guda sai ya kai huɗu zuwa biyar. Wanda aka ɗora wa nauyi tun yana ɗanye, bayansa ke lotsawa, gaɓoɓin ƙafarsa su kumbura, ya tsufa tun bai girma ba. Lokacin yaƙi ana yin wannan kuskure da gangan, saboda ba a da zaɓi.

Lokacin shekara ma yana da hannu. An fi fita yaƙi da rani, bayan an kai amfanin gona gida, rafuka sun janye. Ingarma na dawowa gida gab da damina, a daidai lokacin da goɗiya ke fara ƙoshi da ɗanyar ciyawa. Bayen da aka yi a tsakiyar damina yana kawo haihuwa a farkon damina ta gaba, uwa ta sami abin ci nono ya kawo. Wanda aka yi da bazara kuwa dukushi zai faɗo a ƙarshen rani, harawa ta ƙare, uwa ƙashi da rai. Sai dai ingarman da ya dawo daga sansani a rame, da miki a baya, ko ya yi zazzaɓi a hanya, ba a gaggauta kai masa mace. Zai hau, amma ba lalle ya ba da ciki ba, sai ya huta kamar wata biyu yana cin hatsi. Akwai kuma ciwon da ke bin baye kansa, mai kumbura al'aura ya rama dabba har ta shanye, dokin ganima da ba a san inda ya fito ba yana iya shigo da shi gari. Ga ciwon dawakin damina da ƙananan ƙwari masu cizo da dare ke yaɗawa, mai kumbura kai ya cika huhu da ruwa. Masu barga sun san maganin da ke hannunsu: a shigar da doki ɗaki kafin magariba, a turara hayaƙi.

Kuɗin baye fa? A nan shari'a ta yi magana, kuma alƙalan Kano da littattafan Malikiyya suke hukunci. Akwai hadisi ingantacce da ya hana karɓar kuɗin barbarar namijin dabba. Malaman Malikiyya suka fassara hanin da cewa a yi jinga a kan sai mace ta ɗauki ciki, domin wannan abu ne da ba wanda ya san ranarsa, ɗayan biyun zai cutu. Amma in aka yi ijara a kan sanannen lokaci, ko sanannen adadin hawa, littafin Muhtasar na Halil ya ce ya halatta, kuma in ta ɗauka kafin adadin ya cika, ijarar ta warware. Kyautar da mai goɗiya zai bayar don kansa ba tare da sharaɗi ba, ita ba laifi. A ƙauye abin ya fi tafiya ta wannan hanya ta kyauta: a kai goɗiya bargar dagaci ko ta wani mai hali, a yi wa mai kula da doki ihsani, a kai damin dawa in an yi girbi. Amma ka lura da abin da ke ƙarƙashin alherin. Mai ingarma ya san gidan da dukushin zai faɗo, in kuwa namiji ne mai kyau, shi zai fara tayawa, kuma talaka ba ya ce wa hakimi albarka sau biyu.

Masu sayen dokin yaƙi ba su da yawa. Sarki ne, ta hannun Shamaki mai kula da barga, da hakimai, waɗanda wajibi ne kowane ya fito da mahayansa in an yi kira. Su ke sayen doki da kayansa su ɗora barorinsu da bayinsu. Lissafinsu a fili yake: a rabon ganima na Malikiyya, bayan an cire humusi, mai doki kashi uku yake samu, biyu na doki ɗaya nasa, na ƙasa kuwa kashi ɗaya. Wanda aka ɗora a dokin ubangidansa ya san ba shi kaɗai zai ci abin da ya samo ba. Abin da ake samowa kuwa, a faɗe shi yadda yake, yawanci mutane ne. Doki na kamo bayi, bayi na sayen doki. Tun a farkon ƙarni na 16 matafiyi Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ba da labarin Barno, cewa ana ba da bayi 15 zuwa 20 a kan doki ɗaya, kuma fataken da suka kawo dawakin sai su zauna jiran sarki ya je hari ya dawo kafin a biya su, wani lokaci har shekara ta zagayo. Farashin ya sauko ƙwarai daga baya, amma jiran bai canza ba. In an ci nasara a biya ka, in an sha kashi doki ya tafi, wanda ya ci bashin ma wataƙila bai dawo ba.

Wajen saye, dillali na cin la'adarsa ko dokin ya yi rai ko bai yi ba, don haka mai saye shi ke buɗe ido. A duba haƙora: na tsakiya na gaba suna sauyawa a shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi, baki ya cika a biyar. A cire jalala a shafa baya, farin gashi a inda sirdi ke zama tabon tsohon miki ne, kuma zai sake buɗewa. A ɗaga kofato, tunda dawakin nan ba a buga musu ƙarfe, kofaton da ya tsage ko ya yi laushi ba zai jure tsakuwa ba. A sa yaro ya yi sukuwa da shi a tsaya a saurari numfashinsa. A zo da sassafe kafin a zagaya da shi, domin ɗingishi yakan ɓuya in jiki ya yi ɗumi. Ƙibar dusa da kanwa ta mako biyu ba ƙarfi ba ce, kwana uku a hanya take zubewa. Launi ma na taɓa kuɗi, akawal ko kili ko bidi ko danda, har da camfin farin ƙafa da inda gashi ya murɗe, ko da yake wannan ba ya ƙara wa doki gudu. Shari'a ta yarda a yi ciniki da sharaɗin zaɓi na kamar kwana uku a kan dabba, amma ranar da kowa ke neman abin hawa, mai sayarwa ba ya yarda da sharaɗi. Haka kuma malamai sun hana sayar wa abokin gaba doki da sirdi da makami, wanda ke nufin bafataken da ya ratsa da dawaki ta ƙasar da ake gaba da ita yana iya rasa su duka da sunan hukunci.

Masu ƙwadago su ne suka fi samun kuɗin hannu, kuma cikin doki ne ke ciyar da yawancinsu. Dokin da ke aiki yana cin abin da ya kai kilo 8 zuwa 10 a yini, ciyawa da harawa da hatsi, ya sha ruwa lita 30 ko fiye in ana zafi. Ka ce hatsin kilo 3 ne kawai. Mahaya 1,000 na bukatar tan 3 na dawa ko gero kullum, kayan jaki 60 ke nan in kowane ya ɗauki kilo 50, ban da ruwa lita 30,000, ban da abincin mutane. Ba rundunar da ke iya ɗaukar wannan daga gida, shi ya sa kowane barde ke tafe da yaro ko biyu masu yankan ciyawa da ɗebo ruwa, shi ya sa kuma ƙauyen da runduna ta kwana, ko ta sarkinsu ce, yake wayar gari rumbu a buɗe. A birni kuwa, in aka tara dawakin hakimai ana jiran fita, harawar da aka ɗaure tun kaka aka ɗora a kan bishiya ko soro sai ta zama kuɗi. Kuskuren da ke kashe doki a nan sananne ne: a ba shi hatsi da yawa lokaci ɗaya bayan ya wuni da yunwa, ko hatsin da ya yi fumfuna, ciki ya murɗe ko kofato ya ɗau zafi.

Sauran masu sana'a kowa da rabonsa. Maƙera na ƙera mashi da kan kibiya da linzami da likkafa da ƙaimi. Maɗinka na cusa lifidi, wanda abokan gabarsa biyu ne, ruwa da ke ninka masa nauyi da kibiyar wuta. Mahauta na yin kilishi, mata na daka dakuwa da garin guzuri. Wanzami na bin runduna yana cire kibiya yana yin ƙaho a kan raunin da ake tsoron dafin kwankwani ya shiga, maɗori na ɗaure karaya, malamai na rubutu da layu, makaɗa da maroƙa na cin nasu a wajen kirari. Bayan an dawo kuma sai wata sana'ar ta tashi, ta masu shiga tsakani wajen fansa, waɗanda suka san hanya da mutanen ɓangare biyu, suke nemo inda aka kai wanda aka kama su daidaita kuɗi da danginsa.

Sai dai a bambanta aikin kasuwa da aikin sarki. Babban aiki daga fada yake saukowa ta hannun Sarkin Maƙera ko Sarkin Dukawa, shi ya raba wa mutanensa. Ba a ciniki. Abin da ke biyo baya kyauta ce, riga ko hatsi ko wani abu daga ganima, kuma girmanta na bin yadda yaƙin ya kaya. Mai sana'a na iya wata guda yana aiki ba dare ba rana, a wannan watan bai sayar da ko fartanya ɗaya ba. Ga haraji. Sarkin da ke yaƙi kuɗi yake nema, kasuwa ce kuma ta fi kusa da hannunsa. Tarihin Kano ya ce Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ya matsa wa Kasuwar Kurmi da karɓa har ta kusa mutuwa, Larabawa suka tashi suka koma Katsina, talakawa suka watse ƙauye.

Shi kansa kuɗin wahala ne. Keso ɗaya wuri 20,000 ne, kayan mutum guda. Wani Baturen Ingila, Charles Robinson, da ya zo Kano a ƙarshen 1894, ya rubuta cewa sun rasa yadda za su sayar da dokinsu da ya gaza a hanya, domin kuɗinsa a wuri sai an ɗauki ƙarin 'yan dako 15, ladansu kuma zai cinye abin da suka ɗauko har ya nemi ƙari. Keso 15 wuri 300,000 ke nan. A lokacin darajar wuri ta faɗi zuwa kusan rabin yadda Barth ya same ta. Ko ka ninka kuɗin taka-saraki ya zama 400, doki ɗaya ya tashi a takalmi 750. Wanda dukiyarsa wuri ce ba ya iya gudu da ita, shi ya sa da an ji ƙishin-ƙishin hari attajiri ke juya ta zuwa riyal ko turkuɗi ko kore, abin da za a naɗe a ɗora wa jaki.

In kana son ka ga duk wannan a wuri ɗaya, dubi shekarun 1890 zuwa 1899. Wajen 1891 ciwon bushiya ya ratso ya kashe shanu ba adadi, kuma garke ba ya dawowa a shekara ɗaya ko biyu, ƙirgin ƙasan takalmi da garkuwa daga jikinsa yake fitowa. Awaki ba su sha irin wannan ɓarna ba, amma a shekarun nan fatar akuya jemammiya ta zama babbar hajar ayarin Tarabulus, har Amurka ake kai ta, saboda haka baduku na takara da attajiran da ke saye da yawa. A 1893 Rabe ya ci Kukawa, babban birnin Barno, ya koma Dikwa, hanyar Barno ta lalace, ita ce kuwa ke kawo manyan dawaki da kanwa. A ƙarshen shekarar nan Sarkin Kano Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello, Yusufu da 'yan'uwansa 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka fice zuwa Takai, yaƙin basasa ya tashi. Basasa ta fi yaƙin waje muni ga ɗan kasuwa. Mahari daga Ningi ko Maraɗi yakan zo ya koma, a gyara a ci gaba. A basasa kuwa mai binka da wanda kake bi duk 'yan gari ne, rabin hakiman da suka karɓi dawaki da sirada bashi suna wancan ɓangare, kuma sayar wa mutum linzami ya isa a ce kai nasa ne a yi maka wasau. Yusufu ya rasu a Garko, ɗan'uwansa Alu ya karɓi jagoranci ya shiga birni a 1894, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895. Wanda ya ba Tukurawa bashi ba shi da ƙofar da zai je ya yi sallama.

Baduku da maƙeri da mai harawa sun koma aiki da zarar an buɗe ƙofofi. Barga ce ba ta cika da wuri ba. Goɗiyar da aka baye a daminar 1894 ta haihu a 1895, ɗanta bai isa ɗaukar mai sulke ba sai wajen 1899 zuwa 1900, alhali Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kawo wa ƙasar Kano yaƙi har Gezawa tun 1898. Barno na hannun Rabe, hanyar Azbin kuma ta ƙasar Damagaram ɗin take bi. Abin da ya rage wa masu sayen doki na Kano shi ne kasuwannin yamma, ta wajen Katsina da Zamfara, da dukusan ƙauye da ake ɗaura wa sirdi tun haƙoransu ba su gama sauyawa ba.